Ranar Da Dada Ta Fita Da Goyo

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum warahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya sanyaya miki makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso hannunki ba. Masu bin shafina ne za su gani, waɗanda suka saba in gama littafi in zo in ba su labarinsa. Yau su yi haƙuri. Da ke nake magana, in sun ji sun ji.

Inna, ranar wata Talata ce da hantsi. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, na lallaɓa jikanki ya yi barci, na ɗauki bokiti na shiga wanka. Dada, uwar mijina, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ko sabulu ban gama ɗaurayewa ba na ji gidan ya yi wani irin shiru. Da na fito, tabarma tana nan, filo yana nan, yaro babu. Ɗakin Dada a buɗe, ba ta ciki. Zanin da na shanya a igiya babu, majanyi ma babu. Ƙofar gida a wangale.

Ba zan iya faɗa miki yadda na isa bakin titi ba. An ce ba takalmi a ƙafata, hijabi kuma a bai-bai. Mai awarar bakin layinmu ce ta ce ta ga tsohuwa da goyo ta yi yamma, tana sauri kamar mai gudun hadari. Matar da ko daga tabarma za ta tashi sai ta dafa bango. Na kira mijina a shago. Da ya ji na ce yamma sai ya ce, "Tasha za ta. Hau babur ki same ni can."

Mun same ta a bayan tashar da ake shiga motar Bungudu, a jikin wata katanga, mutane sun yi mata zobe. Ba ki ga yadda gari ya koma ba a bayanki, kowa a tsorace yake, kowa yana zargin kowa. An tambaye ta ɗan waye, ta kasa faɗa. An tambaye ta daga ina take, ta ambaci wata ruga da yau ko kaza babu a cikinta. Rabin maganarta Fillanci. Tun daga nesa na ji ana cewa an kama ɓarauniyar yara. Na ga wani da dutse a hannu, Inna. Da idona na gani.

Ita kuwa ta juya goyon wajen katanga ta tare da jikinta. Ta lulluɓe masa kai da gefen mayafi saboda rana. Ɗaurin da ta yi wa zanin nan, ni da na haife shi ban taɓa goya shi da kyau haka ba. Barcinsa yake yi, yatsa a baki.

Mijina ya ratsa mutane yana cewa, "Ku dakata, uwata ce, ɗana ne." Ya isa gabanta ya durƙusa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Sai ta dube shi. Ta kafa masa ido, ta kama hannun rigarsa, ta ce, "Malam, ka yi wa Allah. Kak ka bari su amshe min Bello. Bai isa yaye ba. Gida za ni da shi."

Ki gafarce ni, na rubuta sunan mijina a gabanki. Ba yadda zan yi, labarin ya bi ta kansa. Bellon da take nufi shi ne durƙushe a gabanta, da furfura a gemu. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar, a tasha, a gaban masu lodi da masu sayar da rake, kuma ba shi take kira ba.

Bai ɗago ba. Ni na ƙarasa na ce, "Dada, taho mu tafi gida." Ta ce, "Ke wace?" Na ce, "Mai raka ki ce." Ta yarda. Ba ta bari na kwance goyon ba har napep ya sauke mu a ƙofar gida. Ni kuma hannuna yana ƙarƙashin zani riƙe da ƙafar ɗana, ban saki ba.

Sau ɗaya kika ga Dada, lokacin da ta zo Tsafe duba ki kina jinyar ajali, ina amarya. Na tuna yadda kuka yi ta gaisawa kowace kanta a sunkuye, kamar masu gasar ladabi. Bafillatana ce, a wata ruga ta ƙasar Bungudu ta yi rayuwarta. Da zaman daji ya gagara, shanu suka tafi, mijinta kuma ya riga ya rasu, aka kawo ta Gusau gidan babban ɗanta.

Kin san ni da littattafai. Na shigo gidan nan da hoton uwar miji a kaina, irin ta cikin labari, mai harara da baƙar magana, wadda za ta sa a kore ni a tsakiyar littafi, a ƙarshe ta zo tana kuka tana neman gafara. Har irin haƙurin da zan yi na tanada. Sai na tarar da tsohuwa mai sanyi, wadda in na kai mata abinci za ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah shi yi miki albarka." Ni ba ta taɓa ɓata mini ba. Ɗanta ne ba ta kallo.

Kullum da safe zai tsuguna a ƙofarta daga waje ya gaishe ta. Za ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, fuskarta tana kallon bango. In tana son gaya masa magana ni take ba saƙo, ko da yana tsaye a wurin: "Ki ce wa mai gidan nan rufin ɗakin yana yoyo." Ƙannensa in sun zo daga Bungudu har gadonta suke hawa ana hira ana dariya. Lokacin da babur ya kaɗe shi aka kwantar da shi a asibiti, ba ta je ba. Fura ta dama ta ba ni, ta ce in kai wa mara lafiyar. Na ce a raina, wannan wace irin zuciya ce. Shi kuwa in na yi magana sai ya ce, "Haka muka tashi muka gani. Kunyar ɗan fari ce." Amma na lura ba ya son zancen ya yi tsawo.

Ciwon bai zo rana ɗaya ba, mu ne ba mu gane ba. Da fari za ta sallame azahar, ta sake alwala ta tayar da wata. Muka ce ibadar tsufa ce. Na tsinci takalminta a cikin randa, muka yi dariya. Ta fara ɓoye tuwo a ƙarƙashin filo har ya yi tsami. Da sassafe ta ɗauki ƙwarya tana neman hanyar garke, a gidan da ko akuya ba mu da ita. Wata rana ta ce na sace mata ɗankunne, ɗankunnen kuwa yana kunnenta. Na shiga ɗaki na yi kuka, na ce to, ga halin uwar miji ya fara fitowa kamar yadda ake rubutawa.

Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce sammu ne. Sai bayan abin da ya faru a tasha muka kai ta asibiti. Likitar ta yi ta mata tambayoyi, wa ya kawo ki, me kika ci da safe, yanzu damina ce ko rani. Dada ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyar nan akwai tambaya." Aka ce mana ciwon mantuwa ne, abin da mutane ke kira gigin tsufa, amma ciwo ne a ƙwaƙwalwa kamar kowane ciwo. Na tambaya yaushe za ta warke. Likitar ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ba a warkewa, gaba yake yi, sai dai a lallaɓa. Ta ce abin da ya faru jiya shi ke fara gogewa, na da can kuma ya taso kamar yau aka yi shi.

Inna, ni ban taɓa karanta labarin da aka ce ba a warkewa ba. A littattafaina in mutum ya manta kansa haɗari ya yi, kuma kafin a rufe littafin zai ga wani abu, ya dafe kai, komai ya dawo. Na fito daga asibitin nan ina jin kamar tun ina yarinya ake mini ƙarya.

Yanzu ni ke mata wanka. Ki duba fa, matar da ko ruwa ba na iya sha a gabanta. Ranar farko da ta ɓata zaninta, ta tsaya a tsakar ɗaki tana kallon ƙasa. Ba ta san me ya faru ba, amma ta san abin kunya ne. Ni ma na tsaya. Sai na tuna maganarki, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ɗora ruwa. Ina cuɗa mata baya tana ce mini Adama, sunan yayarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Na daina gyara mata. In ta ce Adama sai in ce na'am.

Akwai ranar da nake shiga kicin in toshe bakina da zani. Ta taɓa fesa mini kunu a fuska don ta ce guba na sa. Ta taɓa ɗebo mai zafi za ta ɗura wa yaron, Allah ya sa ina kusa. Tambaya ɗaya za ta riƙe daga hantsi har la'asar. An shayar da maruƙa? An shayar, Dada. Kafin in juya, an shayar da maruƙa?

A wurin kitso na ji sauran labarin. Kanta yana kan cinyata ina tsefe mata furfura, sai ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Adama, kin tuna ranar da suka zo amsar shi?" Na ce na tuna. Ta ce tun da safe aka shafa mata maɗaci a nono, ya kama, ya saki, ya tsaya yana kallonta. Kakarsa ta goya shi za ta tafi da shi rugarsu. Ita kuma aka turo mata turmi da gero. Ta ce yana kuka yana miƙo hannu har suka ɓace a bayan garke, ita tana daka. "Ban waiwaya ba, Adama. Kowa ya yabe ni. Aka ce ɗiyar nan akwai kunya." Ta ce nonon ya kumbura har ɗaga taɓarya ya gagare ta, ta riƙa zagayawa tana matse shi a ƙasa, inda ba mai gani sai shanu. "Da na yi, da sun ce ban da kunya. Sai na ajiye shi." Na ce, "Me kika ajiye, Dada?" Ta ce, "Kukan."

Hannuna ya tsaya a kanta. Ɗan ya girma, ya yi gemu, ya yi furfura, tana nan ajiye da shi. Ciwon ya zo ya kwashe sunayen jikokinta, ya kwashe hanyar banɗaki, ya kwashe kunyar, ya bar mata wannan.

A nan ne kika faɗo mini, Inna.

Ni ma 'yar fari ce. Ni ma da aka yaye ni aka kai ni 'Yandoto wurin Kaka, ban dawo Tsafe ba sai da na isa shiga makaranta. Ban taɓa tambayar kaina me kika yi ranar ba. Daka kika yi ke ma? Ko wanki aka turo miki?

Ba ki taɓa kiran sunana ba. In ina kwance a ɗaki na nutse a littafi, sai in ji muryarki daga tsakar gida kina gaya wa iska, "A faɗa wa mai littafi tuwo yana kamawa." Ƙannena su kwashe da dariya. In baƙi suka tambaye ki ina babbar ɗiyarki, sai ki ce, "Tana nan wajen," ki kawo wani zance. Ranar da za a kai ni Gusau aka shigo da ni ɗakinki sallama, ina kuka kamar raina zai fita. Kika juya baya kina ninke kayan da an riga an ninke. Kika ce, "A yi haƙuri, a bi miji." Shi ke nan.

Yau zan faɗa miki abin da ya maƙale ni a littattafan nan. Ba samarin masu motoci ba ne, ko da yake su ma ban ƙi su ba. A ciki ne uwa take rungume 'yarta, ta kira sunanta, ta ce zo ki gaya mini abin da ke damun ki. In na zo wurin nakan koma in sake karantawa.

Ko a jinyarki, in na juya ki na gyara miki kwanciya, "sannu" kike cewa kina kallon bango. A ranar ƙarshe leɓenki ya motsa, na kai kunne, kalmar shahada ce. Alhamdulillahi, ba abin da ya fi ta. Amma Allah ya gafarta mini, na ɗan ƙara saurarawa.

Sai yanzu wasu abubuwa suke dawo mini. Ƙanzon shinkafa da nake so, kullum sai in same shi a rufe a wani kwano, kuma ba wanda ya taɓa cewa shi ya ajiye. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, nakan ji hannu mai sanyi a goshina, in na buɗe ido ba kowa, labule ne kawai ke motsi. Littattafan da Baba ya ce a ƙona saboda suna hana ni aiki, a ƙasan adakarki na gan su daga baya, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Ni ma kuma na ɗauki hanyar. Tun da na haifi jikanki ban kira sunansa a gaban mutane ba, "yaron nan" nake cewa. In ya faɗi a gaban dangin ubansa sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga shi. An yabe ni, Inna. An ce ɗiyar Tsafe akwai kunya.

To ga inda magana ta tsaya. Baffa Sule, ƙanin mahaifin mijina, ya zo daga Bungudu. Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙofa. Ya ce, "Wagga magana ba ta son tsawo. Yau Allah ya tsare, gobe fa? In ta sake fita da yaro aka jefe ta, ko mota ta kwashe su, mi za mu ce wa duniya?" Ya ce ya gyara mata ɗaki a bayan gidansa, an sa sakata ta waje, an yi wa taga ƙarfe, za a riƙa miƙa mata abinci. Ba mugu ba ne. Shi ya riƙe su bayan rasuwar ɗan'uwansa.

Ɗan fari ba ya buɗe baki ya ja da baffansa a kan uwarsa, kunyar ta bi ta kansa shi ma. Sai da Baffa ya matsa wa mijina sannan ya ce, "Ita ke wankin, ita ke wankan, ɗanta aka ɗauka. Abin da ta ce shi za a yi." Baffa ya ce to, in yi tunani, Juma'a zai dawo da mota.

Washegari sai ga Goggo Rabi daga Tsafe, labari ya kai mata. Tun kafin ta cire mayafi ta fara. "Ke mi kike jira? Sai ta kai shi daji? Ɗauko min kayansa. Dama ya isa yaye, ga haƙora cike da baki kamar ɗan kada. Uwarki ba ta da rai, ni ce uwarki, a hannuna za a yaye shi. Ke da aka kai ki 'Yandoto mutuwa kika yi?" Har rubutun yaye ta taho da shi a gora. Ta ce in tsohuwar ta daina ganinsa ai mantawa za ta yi, tunda mantuwar ce ciwonta.

Kowannensu da gaskiyarsa. Ko a ɗauke Dada, ko a ɗauke yaro. Ranar tasha kuwa, da wani ya ce mini ga mota a tafi da ita, da ni zan buɗe ƙofar. Har yau in na rufe ido dutsen nan nake gani.

Goggo ba ta jira amsata ba, kin san halinta. Ta sunkuya ta ɗora shi a baya, ta ce bari ta ga ko zai yarda da ita. Ta ja zani ta ɗaure, ta nufi zaure tana masa wasa. Ya fara kuka yana miƙo hannu. Dada tana zaune a ƙofar ɗakinta. Na zaci za ta yi ihu ko ta bi su, har na matsa don in tare ta. Ba ta yi ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta je inda turmi yake, ta ɗauki taɓarya, ta juya musu baya. Ta fara daka. Ba komai a turmin, Inna. Itace ne ke dukan itace. Fuskarta a bushe, tana daka, ba ta waiwaya ba.

Ni kuma ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, na kau da kai, don Goggo babba ce, shi kuma ɗan fari. Sai na ga mu biyu ne muka juya baya a tsakar gidan nan, yaro yana kuka a tsakaninmu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Goggo, sauke min Abubakar." Sunan ya fito da ƙarfi, na tabbata har maƙwabta sun ji. Goggo ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Lallai. Sunan ɗan fari gatsal, a gabana? Littattafan nan sun gama da ke." Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, amma hannuwana a miƙe suke. Ta kwance shi ta ba ni. Na kai shi gindin turmi na ce, "Dada, ga shi. Ba inda za a kai shi." Ta saki taɓarya. Ta zauna a ƙasa ta rungume shi, ta yi kukan da ban taɓa jin babba ya yi irinsa ba. Goggo da ta zo da faɗa, sai ga ta tana goge ido da bakin zani, wai hayaƙin kicin ɗina ya yi yawa. Wutar kuwa ta mutu tun ɗazu.

Da mijina ya dawo daga shago na gaya masa. Ya tashi ya cire takalmi a ƙofar Dada, ya shiga. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa tsallake dokin ƙofar ba. Ya zauna a ƙasa. Ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Kai ne na tasha." Wannan ta riƙe shi, ban san ta yaya ba. Ta fara ba shi labarin Bello. Yana son kindirmo, yana tsoron ɗan maraƙi, yana da tabo a ƙafar hagu inda ya taka garwashi yana koyon tafiya. Mijina ya miƙe ƙafarsa ya nuna mata. Ina bakin labule, na riƙe numfashi. A littafi nan ne wurin. Ta duba, ta shafa tabon da yatsa, ta ce, "Ayya, Malam, kai ma ka ƙone? Uwarka ta yi kuka ranar." Ba ta gane shi ba. Ya ce, "Ta yi?" Ta ce, "Ta yi mana. Ko ba ka gani ba."

Shi ta ba amsa, amma ni ma na ɗauki rabona a ciki. Ba zan sake tambayar ki me kika yi ranar da aka kai ni 'Yandoto ba.

Tun ranar, in ya dawo sai ya shiga ya zauna. Ita tana ce masa Malam, shi yana jin labarin kansa.

Na san abin da ke gabana. Likita ba ta ɓoye mini ba, wata rana za ta manta yadda ake haɗiye abinci, za ta manta Adama ma. Na san zan gaji, na san zan sake toshe baki a kicin. Tsoron kuma bai tafi ba. An ɗaga sakatar ƙofar gida can sama inda hannunta ba ya kai, ta gida, ba ta ɗakinta ba. Na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, har mai awara, na ce in sun ga Dada a waje kada su tambaye ta komai, su kama hannunta su ce za su raka ta. Wanka kuwa da Abubakar nake shiga. In ta nemi goyo ni nake ɗora mata shi, ta zagaya tsakar gida ina biye da su. Littafin da na fara kafin ranar tasha yana nan inda na tsaya, har na manta wa ke son wa a ciki.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da aljanna a kan abin da kika yi mini na gani da wanda ban gani ba. In akwai kukan da kika ajiye, Allah ya share miki shi a can. Ya ba Dada sauƙi, ya sa ciwon ya zamo mata kaffara, ya ba ni haƙurin da zai kai ni ƙarshen jinyar nan. Masu karantawa da ke da irin wannan jinya a ɗaki, Allah ya dafa muku.

Gobe Juma'a, Baffa zai zo da mota. Zan durƙusa in gaishe shi, in kawo masa ruwa da fura, sannan in gaya masa da bakina. Dada ba za ta Bungudu ba. Abubakar ma ba za shi Tsafe ba, a ɗakina zan yaye shi.

Taki har kullum,
'yarki ta fari, Hafsatu mai littafi,
daga Gusau.